Sai An Tambaya Sau Uku

Ramuwar azumi nake yi a wannan hunturun, don ni ba na wasa da gajerun ranakun Disamba. Rana ta fito da kyar, kafin ka gama wanke-wanke ta faɗi. A Small Heath, unguwarmu a Birmingham, shekarar nan kowa ya matse. Council, wato ƙaramar hukuma, ta rage mana awannin aikin kula da tsofaffi, gida shida nake shiga a lokacin da a da nake shiga huɗu. Baban Hauwa kuma kamfaninsu ya sallame su tun bazara, yana zaune yana ta cike takardu. Ɗaki ɗaya muke ɗumamawa, sauran gidan sai ka sa rigar sanyi ka shiga. A masallacin layinmu har an ware kusurwa ana ajiye gwangwanaye da taliya, mai bukata ya ɗauka ba a kallon fuskarsa.

Ran wata Asabar Hauwa ta zo daga Manchester, inda take karatu, tana zaune a Gorton da wasu 'yan mata biyu. Dusar ƙanƙara ta fara sauka, ina tsaye a taga ina jiran magariba, sai ta miƙo min waya.

"Umma, look, ga ƙauyenku na Jamus. Har page gare su."

"Ƙauyenku dai. Ni a Kano aka haife ni, ke aka haifa can."

Ta shiga karanto min da wannan Turancin nata na 'yan Birmingham da ke fita ta hanci. Wai coci mai shekaru aru-aru. Wai bishiyar tsakiyar gari. Wai maɓuɓɓugar ruwa, da dutsen tunawa da waɗanda suka mutu a yaƙi, da tsohon ɗakin gashin burodi wanda yanzu sau biyu a shekara ake hura shi don baƙi su ɗauki hoto. Na karɓi wayar na matso da ita kusa da idona. Sun shafe ɗakin da farin fenti, sun rataya furanni a ƙofar. Kai, da kyar na gane shi. Na ce mata zauna, abin da ba su rubuta ba ya fi wanda suka rubuta yawa.

Ƙauyen nan sunansa ya fi shi tsawo. Gidaje ba su kai hamsin ba, a kan tudu, hanya ɗaya ce tak take hawowa. Shekara ashirin da ɗoriya ke nan da aka turo Baban Hauwa koyon aikin injiniya a wata masana'anta da ke cikin birni, can ƙasa. Ɗakin birni ya fi ƙarfinmu, sai aka samo mana saman bene a gidan wata tsohuwa mai suna Gerda. Shi yana kwana a masaukin ma'aikata, ya hawo ranar Juma'a da cefane daga shagon wani Baturke, ya koma Lahadi. Ni kuwa amarya ce, ban fi shekara ashirin ba, ga ciki, ga ba na jin ko kalma biyar ta yarensu.

Ban iya kiran babbar mace da gundarin sunanta ba, sai na sa mata Inna Gerda. Doguwa ce, busasshiya, hannunta kamar na maƙeri. Tana jin ɗan Turanci saboda ta taɓa wanki a barikin sojojin Amurka, ni ma nawa na sakandare ne, sai mu haɗa da nuni mu fahimci juna. Makon farko ta ja ni zagayen gari ko ina so ko ba na so. Ta kai ni gindin bishiyar, wadda mutum biyar ba za su kewaye ta da hannu ba, ta ce a nan kakanninsu ke yanke shari'a. Na ce a raina, ashe su ma suna da ƙofar fada. Ta nuna min cocin, wanda hasumiyarsa ta ɗan karkace, ta ce an taɓa ƙone garin ƙurmus a wani tsohon yaƙi, hasumiyar nan kaɗai ta tsaya, gida bakwai suka dawo suka sake gini. Ta sa na sha ruwan maɓuɓɓugar a tafin hannu, har haƙorana suka amsa. A gaban dutsen sunaye ba ta daɗe ba. Ta ce nata mutanen ba sa nan, ita ba 'yar garin ba ce.

Doka ɗaya ta kafa min. Ɓawon dankali da na albasa da duk wani guntun ganye, kar in zuba a shara. In tara a wani ƙaramin bokiti, kullum da safe in ajiye a ƙasan matattakala, na kajinta ne. Kaji goma sha ɗaya gare ta, kowace da sunanta, kuma ta fi yi musu magana a kan mutane.

Azumin shekarar ya faɗo a tsakiyar sanyi, cikina wata bakwai. Wata Laraba aka tashi da dusar ƙanƙara, ta yi ta zuba ba ƙaƙƙautawa har Juma'a. Shingen lambu ya ɓace, matattakalar coci ta ɓace, gari ya yi tsit, ko kare ba ya haushi. Sai wata bishiya ta faɗo ta tare hanya a wajen gadar, ƙasa ta zame ta bi ta. Motar bas ta daina hawowa. Motar kayan masarufi da ke zuwa Talata, tunda shagon garin ya daɗe da rufewa, ita ma shiru. Baban Hauwa ya maƙale a birni da cefanenmu a hannu.

Waya ɗaya ce a gidan, a zauren Inna Gerda. Da ya kira ta ƙwala min kira na sauko, ta tsaya a gefena tana goge hannu.

"Rabi, yaya kayan abinci? Akwai saura?"

"Akwai komai, wallahi kar ka damu."

Na yi istigfari a kan wannan wallahin ya fi a ƙirga. Abin da ke sama shi ne ƙarshen shinkafa a gwangwani, da dankali 'yan ƙwarori, da ganyen shayi, da kukar da na taho da ita daga gida. To me zan ce masa? Mutumin da ba shi da fiffike, in tayar masa da hankali a banza? Kuma a gaban mai gida?

Na shiga lallaɓa abin da ke akwai. Sahur shayi ba madara da rabin dankali. Buɗa-baki shinkafa cikin tafin hannu da miyar kuka ba mai ba nama. Na san mai ciki an ɗauke mata azumi, amma na ce tunda dama abincin babu, gara in haɗa da lada. Ɗakin yana da murhun ƙarfe, itace kuwa Inna Gerda ta jibge shi, don haka sanyi bai kashe ni ba. Yunwa ce dai. Ban taɓa sanin yunwar sanyi daban take da ta zafi ba. Ba ƙishirwa, ba jiri, sai wani rami da yake buɗewa a ƙasan ƙirji, baki ya yi ɗaci. In na miƙe daga sujada sai na dafa bango.

Rana ta huɗu da toshewar hanya, da yamma, na ji ana hawowa. Inna Gerda ce da tukunya a hannu, tururi na tashi, miyar dankali da karas. Ta ce ba alade, ta nuna da hannu, ta ce ko ina so?

Yawuna ya tsinke. Amma ni 'yar gidan mutunci ce. A gidanmu in an yi maka tayin abinci ka ce ka ƙoshi. A sake, ka ce wallahi yanzu ka ci. Sai a na uku, in an haɗa ka da Allah, sannan ka sa hannu kana sunkuyar da kai. Don haka na yi murmushi na ce na gode, na ƙoshi, na gyara tsayuwa ina jiran ta biyu.

Ta ce to, ta juya, ta sauka da tukunyarta.

Oh ni Rabi! Na tsaya a bakin ƙofa ina jin takunta har ta rufe ɗaki. Ƙamshin miyar ya zauna a matattakalar nan ya ƙi tafiya. Na koma na zauna a bakin gado na yi kuka har da shessheƙa, ina cewa wace irin mata ce wannan marar kara. Kwana biyu bayan haka ta sake zuwa da ƙwai shida a kwano. Kar ki tambaye ni abin da na ce. Bakin nan nawa shi ya sake cewa na gode, akwai. Ta sake komawa da ƙwanta.

Shinkafa ta ƙare. Dankali ya rage uku, sai na ga asarar da nake yi. Na daina zuba ɓawon a bokiti. In wanke shi tas, in tafasa da gishiri da kuka, in sha da buɗa-baki, in ajiye tsokar dankalin don sahur. Har wanda na riga na tara na kwaso na wanke. Abin da ya fi tayar min da hankali ba wannan ba ne. Yarinyar da ke cikina, wadda ta saba naushina da zarar na kwanta, ta yi shiru. Yini guda, yini biyu. In danna ciki in saurara, in karanta duk abin da na iya. Sai wani ɗan motsi can ciki mai rauni, wanda ban ma tabbata ba ko ita ce ko hanjina.

Da safiyar rana ta tara Inna Gerda ta hawo ba sallama, da bokitin kaji a hannu, wayam. Ta ajiye shi a tsakar ɗaki. Ta buɗe kabad, ta buɗe tukunya, ta ga abin da ke ciki. Na so ƙasa ta tsage in shige.

Ta zauna a kujera, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta ce tana da shekara tara aka koro su daga gabas bayan babban yaƙin duniya, ita da uwarta, da keken hannu. Aka raba su gidajen mutane ba da son masu gidan ba. Ɗakin nan da nake ciki, nan aka sa su. Uwarta takan sauka da sassafe ta tsince ɓawo daga kwanon aladen masu gida ta dafa musu. Ta ƙwanƙwasa bokitin da yatsa.

"Kwana uku kajina ba su ga ɓawo ba. In ɓawo ya daina saukowa daga ɗakin nan, na san inda yake zuwa."

Na sunkuyar da kai.

"Sau biyu na tambaye ki. Sau biyu kika ce a'a. Me ya sa?"

Ina zan samo Turancin da zan fassara mata kara? Na ce a wurinmu ba a karɓa a tambayar farko.

"A ta nawa ake karɓa?"

Na ɗaga yatsu uku.

Ta dube ni, ta dubi yatsun, ta faɗi wata kalma da yarensu da na tabbata ba addu'a ba ce. Sannan ta ce, to wannan ce ta uku, kuma ba za ta yi ta huɗu ba: ina jin yunwa ko ba na ji?

Na ce ina ji. Na ce kuma yarinyar ba ta motsi. Wallahi ban taɓa faɗin magana mai nauyin wannan ba.

Ta so in ci a take. Na ce na riga na ɗauki azumin yau, saura 'yan awanni. Ta yi ta faɗa, ni ma na kafe, don taurin kai ba ita kaɗai Allah ya ba ba. Ƙarshe ta ce to in sa takalmi, ba za ta bar ni ni kaɗai ba, yau ranar gashi ce.

Ɗakin gashin yana bayan coci, ginin dutse, ƙofarsa gajera, ciki baƙi ƙirin da hayaƙin shekaru. Tanderu ne ƙato a jikin bango, ya ninka na masu gurasar unguwarmu sau goma. Da yake hanya ta toshe, kowane gida ya kwaso garin da ya rage masa. Suna da tsarinsu tun na kakanni. Jiya da yamma an kaɗa ƙararrawa, mata sun zo sun zari ƙuri'a, 'yan katakai masu lamba a cikin jakar ƙyalle. Ba mai son ta ɗaya, don ita ce za ta hura tanderu mai sanyi da itacenta. Inna Gerda ce ta zari ta ɗaya, tana ta mita tun daga gida.

Aka cusa damman ƙirare aka kunna. Muka jira har rufin tanderun ya tashi daga baƙi ya koma fari. Aka kwashe garwashi, aka goge ƙasan da tsumma jiƙaƙƙe a kan sanda. Wata mai kumatu ja, Hilde, ta watsa gari ta tsaya tana kallon yadda yake sauya launi, da haka suke gane zafi. Ni aka zaunar da ni a kan benci kusa da wuta, aka turo min kwaɓi a akushin katako. To nan fa suka ga aiki. Hannun da ya saba tuƙa tuwon gidan mutum ashirin, kwaɓin burodi me ne ne? Hilde ta daki kafaɗata ta faɗi wani abu, duka suka kwashe da dariya. Kowane gida da alamarsa a kan burodi, wata cokali mai yatsu, wata gicciye, wata babban yatsa. Inna Gerda ta ware guda biyu ta ce in sa tawa. Na cire zobena na danna.

Duk azumin da na yi a duniya ban yi mai wuyar na yammacin nan ba. Ƙamshi ya cika ɗakin, mai tsami-tsami, mai ɗumi, yana shiga har ƙashi. Al'adarsu in an fitar da na farko a yanka a ci da zafinsa a tsaye. Inna Gerda ta yi musu bayani, ta nuna ni, ta nuna taga. Matan suka ajiye wuƙa. Ban da wata tsohuwa mai sanda, da ta ce ita ba ta ga dalili ba, ta yanki nata tana ci tana kallona. Har yau ina son matar nan.

Rana ta sauka bayan tudu, na jira jan ya dushe, na yi bismilla. Baƙin burodi ne mai tauri a baya, da man shanu yana narkewa, da madara mai ɗumi da Hilde ta aika aka kawo. Ina ci hawaye na zuba. Ban gama yanki na biyu ba na ji naushi a ƙarƙashin haƙarƙari, mai ƙarfi, har na yi ƙara. Na kamo hannun Inna Gerda na ɗora. Aka sake naushi. Ta ce da Turancinta na bariki, wannan ba ta jiran a tambaye ta sau uku.

Washegari na ajiye azumin, da umarninta da na unguwarzomar garin. Kwana uku bayan nan aka buɗe hanya. Baban Hauwa ya iso da buhu a kafaɗa, ya ji labari, ya rasa wa zai yi wa faɗa.

Shekara huɗu muka yi a gidan. Inna Gerda ta mayar da abin wasa. Ta hawo da kek, ta tsaya a ƙofa ta ɗaga babban yatsa, kina so? Ta ƙara manuni, kina so? Ta ƙara na tsakiya, sannan ta dangwara min farantin. Da na fara yi mata ƙosai da waina, sai ita ma ta koya. In miƙa mata ta kau da kai, a'a na ƙoshi. In sake, a'a yanzu na ci, tana kallona ta wutsiyar ido. Sai a na uku ta karɓa, ta cinye tas. Ni kuma na kwaso nasu halin. Na koyi cewa e in ina so, a'a in ba na so, in kuma mutum ya ce min a'a in ƙyale shi. Har yau in na je Kano yayyena na cewa Jamus ta cinye min kunya.

Da na kai nan Hauwa ta ce, "Umma, ki kira ta mana. When did you last call?" Na lissafa, tun sallar layya. Bayan na sha ruwa na kira.

Ta daɗe kafin ta ɗauka. Muryar ta yi ƙasa, tana magana tana hutawa. Ta haura tamanin a lokacin. Ta ce ta faɗi a lambu, ta kwana biyu a asibiti, yanzu 'yar ƙanwar mijinta, Monika, ke leƙo ta. Kajin an rabar. Ta tambayi Hauwa, ta tambayi ko har yanzu ina cika gishiri a miya.

Na ce, "Inna, in zo in duba ki?"

Ta ce, "A'a, a'a. Kina da aiki. Ga sanyi, ga nisa. Ina lafiya."

Gaskiya zan faɗa, daɗi na ji. Ina tunanin shift ɗin da zan rasa, da manajar da ba ta ba da hutu a Disamba, da mutumin da ke zaune a gida ba aiki. Na ce a raina ai Bajamushiya ce, in ta ce a'a to a'a take nufi. Na ce to, Allah ya ƙara sauƙi, sai bazara in sha Allah. Ta ce to.

Ran nan ina kan aiki, tsakanin gida na uku da na huɗu, ina tsaye a bus stop ana yayyafi, waya ta yi ƙara. Monika ce. Ta ce Inna Gerda ta rasu shekaranjiya, cikin barcin rana, ba ta sha wahala ba. Na yi salati, na jingina da gilashin. Sai ta ce akwai abin da take so ta tambaye ni, don ita ba ta gane ba. Tun ranar da muka yi waya tsohuwar ta sa ta share saman bene, ta shimfiɗa zanin gado, ta riƙa kunna murhun kullum kar ɗakin ya yi sanyi. Ita Monika ta ce mata ai Rabi ta ce sai bazara. Tsohuwar ta ce a'a, ki dai hura, sau ɗaya Rabi ta tambaya ko ta zo, saura biyu.

Bas ta zo ta tsaya, ta buɗe ƙofa, ta rufe, ta tafi. Monika tana ta cewa hello, hello, ko ina jin ta. Ina jin ta sarai.